Inuwar Giginya a Ofisoshin Ƙungiyoyin Agaji

Akwai wata magana da duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙungiyar agaji ya san ta. Ni na fara jin ta ne a taron safiyar Litinin, a ofishin wata ƙungiya da na yi wa aiki a Arewa maso Gabas. An gama karanta jadawalin mako, sai wani direbanmu, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, alawus ɗinmu na fita ƙauye yau wata uku ke nan ba mu gan shi ba." Oga ya zare tabarau, ya dube shi kamar wanda ya yi saɓo a cikin masallaci. Ya ce, "Baba, nan fa ba kamfani ba ne. Taimakon bayin Allah muka zo yi. Ka leƙa sansani ka ga waɗanda ko na dare ba su da shi, sannan ka dawo ka yi mini zancen alawus."

Ɗaki ya yi tsit. Baba ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya koma ya zauna. Ni ma ban ce uffan ba, kuma ba tsoro kaɗai ne ya rufe mini baki ba. A ranar gani na yi oga ya fi shi gaskiya. Mun ga yunwa da idonmu, mun ga yaran da ake auna damtsensu da ɗan tef ya faɗa kan ja, to wane ne zai tsaya lissafin kuɗin kwana? Sai da tafiya ta yi nisa na lura cewa shi mai wa'azin bai taɓa bin bashin nasa alawus ɗin ba. Nasa kan fita tun kafin ya hau jirgin Abuja.

Abin da nake so in faɗa ke nan, kuma na san zai sosa wa wasu abokaina rai. A ƙungiyoyin da ba don riba aka kafa su ba, kyawun manufa ya zama takunkumin da ake ɗaura wa ma'aikaci a baki. Gwargwadon tsarkin aikin, gwargwadon wahalar da ma'aikaci yake sha kafin ya iya cewa an zalunce shi. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan kirari: inuwar giginya, na nesa ka sha ki.

Kada wani ya ce halin shugabanninmu ne na gida kawai. Mu ɗauki Amnesty International, wadda ba baƙuwa ba ce ga mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa. Ita ce ta yi ta fitar da rahotanni kan tsare mutane a Barikin Giwa na Maiduguri, da abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015. An kafa ta a Landan a 1961, ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1977. Sana'arta gaba ɗaya ita ce ta tsaya gaban mai ƙarfi ta ce masa ya ji tsoron haƙƙin mai rauni.

A watan Mayun 2018 aka tsinci gawar Gaëtan Mootoo a ofishin ƙungiyar da ke birnin Faris na Faransa. Shekararsa 65, ya shafe fiye da 30 daga ciki yana yi mata bincike a kan Afirka ta Yamma, wato yankinmu. Shi ya ɗauki ransa, kuma ya bar takarda da ta ambaci nauyin aiki da taimakon da ya nema bai samu ba. Wannan ya biyo bayan wani babban garambawul da aka yi zamanin shugabancin Salil Shetty, inda aka kwashe ayyuka daga Landan aka rarraba su ofisoshin yankuna irin su Dakar da Nairobi da Johannesburg. Niyyar mai kyau ce, a matso kusa da mutanen da ake yi dominsu. Amma a cikin wannan kwashe-kwashen aka bar tsohon ma'aikaci shi kaɗai, kamar kayan da aka manta a tsohon gida ranar ƙaura. Wani lauya da aka ɗauko daga waje ya binciki lamarin, ya ce an samu babbar gazawa daga masu gudanarwa.

Daga nan aka kira wani kamfani mai suna KonTerra ya duba lafiyar zaman ma'aikata, rahotonsa ya fito a farkon 2019. Ma'aikata 475 suka amsa tambayoyi. Kashi 39 cikin ɗari suka ce aikin ya jawo musu ciwo, na jiki ko na ƙwaƙwalwa. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin. Mutum zai zaci kallon hotunan gawarwaki da sauraron labarin azabtarwa ne ya karya su, tunda abin da suke wuni suna yi ke nan. Rahoton ya nuna cewa babbar matsalar a cikin ofis take: cin zarafi daga manya, kunyata mutum a gaban jama'a, nuna bambanci, da rabuwar gida zuwa "mu" da "su" tsakanin shugabanni da na ƙasa. Ya kuma ambaci wata ɗabi'a da za a iya kiranta al'adar shahada, inda ma'aikaci yake ganin hutu kamar cin amanar waɗanda ake zalunta ne, sai ya yi ta ɗaukar kaya har ya durƙushe. Da na karanta wannan sai na tuna Baba direba da amsar da aka ba shi. Magana ɗaya ce, harshe ne ya bambanta.

Manyan shugabanni bakwai suka miƙa tayin ajiye aiki ga sabon babban sakatare, Kumi Naidoo ɗan Afirka ta Kudu, kuma a watan Mayun 2019 aka sanar cewa biyar daga cikinsu za su tafi. A nan dole in yi wa Amnesty adalci. Ita ta nemi a bincike ta, ita ta wallafa sakamakon duniya ta karanta. Ƙungiyoyi nawa ne a Abuja ko Maiduguri ko Yamai za su iya haka? Na san wuraren da, da a ce irin wannan rahoton ya iso, abin da za a fara tambaya shi ne wane ne ya yi magana da masu binciken.

Me ya sa abin yake yawan faruwa a irin waɗannan wuraren? Ban yarda cewa mugaye ne suke tururuwa zuwa aikin agaji ba. Akasarin waɗanda na yi aiki da su mutanen kirki ne, wasu ma sun bar ayyuka masu sauƙi suka zo. Ginin ne yake da gyambo. Mai shago a Kantin Kwari idan ya wulaƙanta yaransa, gobe za su koma shagon maƙwabci su ja kwastomomi, kafin wata ya ƙare aljihunsa ya gaya masa. Ma'aikacin gwamnati, duk da ƙarancin albashi, yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da fayil, kafin a kore shi sai an sha rubuce-rubuce. A ƙungiyar agaji kuwa mai ba da kuɗi daban, mai amfana daban, mai yin aikin daban. Mai kuɗin yana Washington ko Brussels ko Landan, abin da yake gani rahoto ne da hotuna da rasit. Mai amfana yana sansani, ba shi da bakin cewa komai ban da godiya. Saboda haka idon shugaba a sama yake kullum. Idan rahoto ya tafi a kan lokaci, lissafi ya daidaita, to shugaba ya ci jarrabawa, ko da ya taka kawunan mutum ashirin kafin ya kai. Na cika fom na masu ba da tallafi da yawa. Suna tambayar farashin kowace leda, suna son ganin takardar 'yan kwangila uku kafin a sayi kujera. Ban taɓa cin karo da layin da ya tambayi mutum nawa suka bar aiki bana da abin da ya kore su ba.

Sai kuma kwantiragi. Wata shida, wata tara, in an yi sa'a shekara. A aikin agaji ba a korar mutum, kwantiraginsa ne kawai ba a sabuntawa. Ba takardar tuhuma, ba zama, ba a ma buƙatar dalili: "kuɗin shirin ya ƙare." Wanda ya san cewa nan da wata huɗu sa hannun mutum ɗaya ne zai yanke ko yaransa za su ci gaba da makaranta, ai ba sai an koya masa ladabi ba. Akwatin ƙorafin da aka rataye a bakin ƙofa, kowa ya san wanda yake riƙe da mabuɗinsa.

A ƙananan ƙungiyoyinmu na gida akwai wani ƙarin ciwo, wato ƙungiyar da ta zama gonar mutum ɗaya. Dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta tanadi cewa irin waɗannan ƙungiyoyi su yi rajista da kwamitin amintattu, waɗanda aikinsu shi ne su sa wa shugaba ido. Na taɓa ganin takardar rajistar wata ƙungiya da na yi hulɗa da ita. Amintattun su ne oga, da uwargidan oga, da ƙaninsa, da wani abokinsa da suka yi sakandare tare. To ma'aikacin da oga ya cuta, wa zai kai wa ƙara? Ba na raina waɗanda suka kafa ƙungiya da guminsu, wasu da kuɗin aljihunsu suka fara, a ɗakin zaure, da kwamfuta ɗaya. Amma ranar da ka karɓi kuɗin jama'a da sunan marayu, ƙungiyar ta daina zama taka. Wannan ne ɗacin da da yawa suka kasa haɗiyewa.

Ga doka kuma a ajiye ba a taɓa ta. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin aikin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kuma yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Hanyar kauce mata mai sauƙi ce, sai a sauya wa mutum suna. Yana zuwa takwas na safe, yana tashi biyar na yamma, shekara uku a jere, amma a takarda shi "ɗan sa-kai" ne mai karɓar ɗan ihsani. Ƙungiyar da ke shirya taron bita a otal kan haƙƙin ɗan Adam ce take wannan. Mu da muka tashi da hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ban san yadda muka yarda cewa idan aikin na lada ne to haƙƙi ya faɗi ba. Lada Allah ke bayarwa. Albashi kuwa bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke ka aiki.

Mata nasu ya fi nauyi, kuma sun fi kowa yin shiru, domin wadda ta yi magana ita za a fara tambaya me ya kai ta ofishinsa da yamma. Abin da ya fito fili game da ƙungiyar agaji ta Oxfam a 2018 ya nuna yadda wannan shirun yake aiki ko a manyan wurare. Tun 2011 ƙungiyar ta binciki wasu ma'aikatanta a Haiti kan lalata da mata bayan girgizar ƙasa, aka bar shugaban ofishin ƙasar ya ajiye aiki salin-alin, ya je ya samu aiki a wata ƙungiyar. Sai bayan shekara bakwai jarida ta tono. Tunanin da ya sa aka rufe shi ne dai wanda na sani a ofisoshinmu: a rufa wa ƙungiya asiri, kada masu ba da kuɗi su ji, kada aikin alheri ya tsaya. Ƙarshenta kuɗin ya tsaya ɗin, gwamnatin Haiti ma ta hana reshen Birtaniya na ƙungiyar aiki a ƙasarta.

Akwai kuma katangar da kowa yake gani ba a cika ambatonta ba, tsakanin ma'aikacin da aka kawo daga waje da ɗan ƙasa. Bambancin albashi ma bar shi. Dubi wanda yake shiga inda ake mutuwa. Ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari Rann, a ƙaramar hukumar Kala-Balge ta Borno, aka kashe ma'aikatan agaji uku, aka sace mata uku. Biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi ne da ke aiki da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa. An kashe Saifura a Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba na shekarar. Allah ya jiƙansu. Laifin jininsu na wuyan waɗanda suka kashe su, ba na ɗora wa kowa ba. Abin da nake nunawa shi ne su waye a bakin daga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe ma'aikatan agaji 383 a duniya a 2024, kuma mafi yawansu 'yan ƙasashen da suke aiki ne. A 2020 fiye da mutum 1,000 daga ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, na yanzu da na da, suka sa hannu a wasiƙa suna cewa wariyar launin fata ta yi kanta a tsarin ƙungiyar.

Wata shari'a ta ƙara bayyana mini wannan katangar. A Yunin 2012 aka kai wa ayarin motocin ƙungiyar Norway mai kula da 'yan gudun hijira, NRC, hari a sansanin Dadaab na Kenya. Aka kashe direba, aka sace ma'aikata huɗu 'yan waje, aka kuɓutar da su bayan kwana huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Steve Dennis ɗan Kanada, ya kai ƙungiyar kotu a Oslo. A Nuwambar 2015 kotu ta ce an yi mummunan sakaci, ta ba shi diyyar kuɗin Norway kusan miliyan 4.4. Hukuncin ya girgiza duniyar agaji, ya sa aka fara ɗaukar tsaron ma'aikata da muhimmanci, kuma Dennis ya cancanci haƙƙinsa. Amma ina yawan tambayar kaina, direba daga Monguno ko Diffa da aka tura hanyar da ya ce ba ta da kyau, wace kotu zai je, da kuɗin wane lauya? Kotun ma'aikata tana nan a Najeriya. Wanda ya kai ƙungiya can ya san sunansa zai zaga duk ofisoshin garin kafin a saka ranar zama.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Na farko, ai aikin ƙungiya ya fi na gwamnati tsoka, mutane ma rububinsa suke. Gaskiya ne, yaron da ya fito daga hidimar ƙasa ya samu gurbi a babbar ƙungiya zai iya fin malamin da ya koyar da shi a jami'a albashi. Sai dai albashi mai tsoka ba lasisin cin mutunci ba ne, kuma wannan tsokar a saman tukunya take, ba ta kai ga masu gadi da direbobi da masu zaga gida-gida da takardar ƙidaya. Na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba na wasa da shi: ƙungiyoyin nan suna cikin matsi, tona asirinsu ba wa maƙiya makami ne. A Disambar 2018 sojojin Najeriya sun dakatar da UNICEF a Arewa maso Gabas na 'yan sa'o'i bisa zargin leƙen asiri. A Satumbar 2019 sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps. A Nijar gwamnatin soja ta janye izinin ƙungiyar Acted a 2024, ta sallami Red Cross ta ƙasa da ƙasa a 2025. A kasuwa da majalisun shayi kuwa ba a rasa mai cewa su ne ma ba sa son rikicin ya ƙare. To a wannan yanayi ne za a fito da wankin gida waje?

Amsata ita ce wankin da aka ɓoye shi ne yake wari. Duk jita-jitar da na ji ana yaɗawa a kan ƙungiyoyi a gari, idan ka bi sawunta da yawa za ka tarar daga bakin wanda aka sallama a wulaƙance ta fito. Ma'aikacin gida shi ne fuskar ƙungiya a unguwa, shi ake gani a masallaci da wurin suna. Idan yana jin an riƙe shi da mutunci, shi ne zai tare mata faɗa a majalisa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Shekarar 2025 ta tone halin kowa. A Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka aiko da umarnin a tsayar da ayyuka nan take, zuwa tsakiyar shekara hukumar tallafinta ta USAID ta zama tarihi. Ayyuka suka rushe, ba laifin wani shugaban ofis a ciki. Amma yadda aka sallami mutane, wannan kam a hannunsu yake. Wata ƙawar aikina ta ce saƙon WhatsApp aka turo musu daren Juma'a, a dawo da kwamfuta da katin shaida ranar Litinin. Mai gadin da suka shekara huɗu suna gaisawa da shi aka sa ya duba jakunkunansu a ƙofa. Wani abokina kuma ya ba ni labarin shugabarsu. Ta tara su duka har masu shara, ta buɗe musu lissafi a bango, ta ce ga abin da ya rage, ga watannin da zai kai. Ta fara da yanke nata albashin, ta rubuta wa kowa takardar shaida da hannunta, ta yi ta buga waya tana nema musu gurbi. Su ma sun rasa aikin, kamar waɗancan. Har yau idan ya ambace ta sai ya ce "Hajiyarmu."

Tun taron agaji na duniya da aka yi a Santambul a 2016 manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko. Ba a cika alkawarin ba, kuma ina cikin masu son a cika shi. Amma ina so duk wanda zai miƙa wa ƙungiya kuɗi, Bature ne ko attajirin gida ko hukumar zakka, ya tambayi su waye amintattunta, ya nemi ganin shaidar zuba fansho kamar yadda yake neman rasit ɗin man fetur, ya kuma keɓe da direba na minti goma ba tare da oga yana tsaye a wurin ba. Mu ma'aikata kuma mu daina jin kunyar haɗa kai. Mun koya wa matan ƙauyuka da yawa yadda za su kafa ƙungiya su tunkari shugaban ƙaramar hukuma, mu kuma ko zaman mutum biyar ba ma iya yi a ofis sai mun leƙa taga.

Baba direba ba a sabunta kwantiraginsa ba a ƙarshen wannan zangon. An ce motoci sun yi yawa. Bara na gamu da shi a tasha yana lodin fasinja a wata tsohuwar Sharon, ya rungume ni, ya hana ni biyan kuɗin mota. A hanya na ce, "Baba, ka yafe mini shirun da na yi ranar nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, kai ma ai wata shida aka rubuta maka." Na tambaye shi alawus ɗin. Ya ce an biya na wata biyu.